Rabin Me?

"Karanta da kanki," in ji mai sayar da tikiti. Ya nuna bango da bironsa ba tare da ya ɗago kai ba. "Me aka rubuta a allon?"

"Ɗalibi: rabi."

"To, ai rabin aka ba ki."

"Rabin kuɗi ake nufi, Malam."

"Rabin kuɗi, rabin kujera. Haka na tarar ana yi a tashar nan. In cikakkiya kike so, ki cika kuɗin. Na baya, matso."

Ba ta matsa ba. Ta dubi tikitin da ke hannunta. An rubuta lamba tara da jan biro, an ja layi an raba ta biyu. Agogon da ke bayan mutumin ya nuna takwas saura kwata.

Ɗalibar ajin ƙarshe ce a sashen zanen gine-gine. A gida Injiniya suke ce mata tun shekararta ta farko, ta gyara musu har ta gaji ta bari. A rungume take da kwalin tsohon talabijin da aka yanke aka rage masa tsayi, tsawonsa santimita sittin, faɗinsa arba'in, an naɗe bakinsa da salatif. A ciki akwai aikin wata huɗu: samfurin gini da ta haɗa da kwali da gam da tsinken ashana a shagon yayanta kafinta. Da ƙarfe biyu na rana za ta ajiye shi a gaban malamai uku. Ɗaya daga cikinsu daga wata jami'a aka gayyato shi, kuma da yamma zai koma. Wanda bai zo da aikinsa a kan lokaci ba, ko ya zo da shi a karye, sai baɗi.

Shekara huɗu tana zuwa makaranta tana dawowa, ba ta taɓa sayen tikiti a tagar nan ba. Wani maƙwabcinsu yana da motar ɗaukar katako, duk Litinin yana bin hanyar, yana ɗaukarta a gaba kyauta. Makon jiya injin motar ya buga. Yaya ya zazzage aljihunsa ya ba ta abin da ya samu, ta kasa shi biyu: kuɗin tikitin ɗalibi, da kuɗin buga rahotonta kwafi uku a shagon bakin makaranta. Babu kashi na uku. Daga gida ma da ƙafa ta zo, tafiyar minti arba'in, kwalin a ka, burodi da gorar ruwa a jaka.

"Malam, wannan yaudara ce."

"Ba ni na rubuta ba, ƙanwata. Sayarwa kawai nake yi."

"To wa ya rubuta?"

"Ya rasu. Na baya!"

Na bayan ya ture ta da kafaɗa ya miƙa kuɗinsa.

Motar bas ce mai kujera goma sha takwas, fara a da. Mutum biyu na kan rufinta suna jan igiya a kan kaya, kowanne ya dafe ƙafa ɗaya da buhu yana ja da iya ƙarfinsa. Direban na tsaye a bakin ƙofa, tawul a wuya, yana karɓar tikiti. Ya dubi nata ya yi murmushi.

"Yawwa, ga ɗaya Rabin ta iso. Shiga, 'yar'uwarki na ciki."

"Ba sunana Rabi ba."

"Duk mai jan layi a nan Rabi ne, ko namiji ne. Wannan kwalin sama zai hau."

"Ba zai hau ba."

"Ƙwai ne?"

"Tasha ce."

"Tasha?" Ya juya ga masu ɗaurin kaya. "Kun ji? Tasha ce a kwali. To Rabi, in mun gaji a hanya sai ki buɗe mu shiga mu huta."

Aka yi dariya daga kan rufi. Ta wuce shi ta gefe, kwalin a sama da kanta.

Kujera ta tara tana layi na uku, a bakin 'yar hanyar da ake bi a wuce baya. Ta riga ta cika. Wata mata ce a kai, za ta kai shekara hamsin, mai jiki, mayafi ruwan ƙasa, jaka a ƙirji. Ta ɗago ta dubi Injiniya da kwalinta, ta ɗan matsa. Wurin da ya buɗe bai wuce tafin hannu ba.

Injiniya ta ɗora kwalin a kan bayan kujerar gaba ta riƙe da hannu ɗaya. Da ɗaya hannun ta ciro tef ɗin awo daga jaka. Faɗin kujerar santimita arba'in da huɗu ne. Rabinsa ashirin da biyu. Abin da ya rage a fili goma sha ɗaya.

"Inna, kin shigo min da santimita goma sha ɗaya."

"Santi? Me na ci da zan yi santi?"

"Awo nake nufi. Kin ci rabin rabina."

"To 'yar nan, ya zan yi? In yanke in ba direba ya ɗaure a sama?"

Wani tsoho a layin baya ya yi dariya har da tari. Injiniya ta naɗe tef ɗinta.

"Wai ma tukuna, Inna, ke ɗaliba ce?"

Matar ba ta yi gaggawa ba. Ta buɗe jaka, ta zaro kati a cikin leda, ta ɗaga shi daidai idon Injiniya. Ajin manya, Asabar da Lahadi, shekara ta biyu. Ga hoto, ga hatimi.

Injiniya ta kau da kai. "Kati kam, kowa ma ya saya," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Na ji ki," in ji matar. Ta mayar da katin cikin leda, ledar cikin jaka, ta rufe. 

Sai tara da minti goma motar ta cika ta tashi. Tafiyar awa huɗu ce in babu tsaye-tsaye. Buga rahoto da ɗinke shi rabin awa ne in babu layi. Injiniya ta yi lissafin sau uku kafin su fita gari, kuma duk sau ukun abin da ya rage mata minti ashirin ne.

A kan ƙugu ɗaya ta zauna, ɗayan a iska, ƙafarta ta dama a dafe da ƙasan motar don kada ta zame. Kwalin ya ƙi kwanciya daidai. Gefe ɗaya ya hau cinyar matar, wadda ta fi tata tudu, ɗaya gefen ya leƙa cikin hanyar wucewa. Matar ta harɗe hannuwa a ƙirji don kada ma ta taɓa shi. Duk ramin da motar ta nufa sai Injiniya ta ɗaga kwalin sama da hannu biyu, amma ba ta iya ganin titi, sai ta ji an faɗa sannan ta ɗaga. A rami na huɗu wani abu ya yi ƙaramin motsi a ciki, ƙas, ya yi shiru. Ba ta da halin buɗewa ta duba.

Bayan awa ɗaya ƙafarta ta mutu. Ta ji haushin mai tikiti, da direba, da mamacin da ya rubuta allon, da injin motar katako, har da Yaya da ya ce mata jiya, "Ai ku ɗalibai kun huta, rabi kawai." Amma akwai wani haushin da ta fi ƙin dubawa. Ta san allon nan. Wata takwas da suka wuce ta zo tashar nan yin bincike don aikinta, ta auna ƙofa, ta ƙirga motoci, ta ɗauki hoton allon da wayarta. A shafi na goma sha huɗu na rahotonta ta rubuta cewa tashar tana da tsari mai kyau na sauƙaƙa wa ɗalibai, wanda ya kamata a yi koyi da shi. Malaminta ya ja layi a ƙarƙashi, ya rubuta "madalla". A cikin kwalin nan ma, a gaban tagar sayar da tikitinta ta kwali, ta kafa ɗan allo a kan tsinken ashana, ta rubuta kalmomin nan biyu da bakin allura. Kwana uku ta yi a tashar tana awo. Ba ta yi wa fasinja ko ɗaya magana ba.

Sha ɗaya da minti ashirin motar ta rage gudu ta gangara gefen titi. Wani mutum ne tsaye da jakar hannu yana ɗaga yatsa. Direban ya sauka, suka yi ciniki a bakin taga, sannan ya zaro wani guntun katako daga ƙarƙashin kujerarsa ya zagayo ya buɗe ƙofa. Katakon ana gitta shi ne a hanyar wucewa, tsakanin kujera da kujera, ya zama mazauni.

"Rabi, kwalinki ya tare min wuri. Kawo a sa sama."

"Motar ta cika. Kujera goma sha takwas, mu goma sha tara."

"Ba lissafi na tambaye ki ba. Rabi kika biya, kin zo da kwalin da ya ci wurin mutum guda. Kawo."

Ya kama gefen kwalin.

Muryar da ta fito daga bakinta ita kanta ba ta san tana da ita ba. "Cire hannunka! Wallahi ka cire hannunka! Kun sayar da kujera ɗaya wa mutum biyu, kun karɓi kuɗinta cif, kuna kiran abin taimakon ɗalibai. Wane taimako? Me kuka rage? Ko sisi ba ku yafe wa kowa ba! Yanzu hanyar wucewa ma za ka sayar. Gobe sitiyarin za ka ba mutum ya zauna a kai!"

"In ya biya, me zai hana?" in ji direban. Wasu suka yi dariya. "Ke da kika iya zana tasha, ki zana mota ki hau mana."

"Zan kai ƙararka!"

"Wurin mai tikiti? Ki gaishe shi."

Ya ja. Ta ja. Kusurwar kwalin ta lotsa a ƙarƙashin babban yatsansa, salatif ya fara ɗagowa. Ta ga wata huɗu suna shirin tafiya a gefen titi, a gaban mutum goma sha tara da ba ruwansu.

Sai wani hannu mai nauyi, mai awarwaro uku, ya sauka a kan murfin kwalin.

"Direba, saki."

"Inna, ba da ke nake ba."

"Da ni kake, tunda a cinyata ake kokawar. In tambaye ka: rabi a haɗa da rabi, nawa ke nan?"

"Inna, rana na yi."

"Ɗaya ke nan. Makon jiya aka koya mana, na ci tara cikin goma. Ni da yarinyar nan kujera ɗaya cikakkiya muka saya. Mai kujera cikakkiya yana da ikon riƙe kayansa a cinya ko ba shi da shi? Ga wancan da rediyo a cinya, ga waccan da jariri. Su ma sama za ka ɗaure su?"

"Gaya masa dai!" in ji tsohon layin baya. Mai jaririn ta ce ita ma tun ɗazu take son ta yi magana. Motar ta ɗauki hayaniya, kowa ya tuno da abin da aka taɓa yi masa a hanyar nan. Direban ya saki kwalin ya goge wuya da tawul.

"To ya bar min hanyata. Abin da na sani ke nan."

Matar ta zare kwalin daga hannun Injiniya ba tare da ta nemi izini ba, ta juya shi, ta kwantar da shi gaba ɗaya a kan cinyarta. Ya zauna daram kamar a kan tebur. Hanyar wucewa ta buɗe. Direban ya gitta katakonsa, mai jakar hannu ya shigo da sallama ya zauna, kafaɗarsa ta danne ta Injiniya. Direban ya karɓi kuɗinsa ya sa a aljihun gaba. An ɓata minti goma sha biyu. Ba ta ciro tef ba, amma ta san santimita goma sha ɗayan ta koma tara.

Da motar ta hau titi sai ta lura da hannuwan matar. Ba ta jiran a faɗa rami. Tun kafin a kai, sai ta ɗan ɗaga kwalin da tafukanta, ta bar shi ya yi lilo a iska, ta sauke shi bayan an wuce.

"Akwai babba bayan gadar can," ta ce, ba tare da ta dubi Injiniya ba. "Sai ƙanana uku a jere. Shekara talatin ina ɗauko tangaran da kofunan gilashi a hanyar nan. Nawa suna sama cikin ciyawa. Ban taɓa kai fasasshe kasuwa ba."

"Inna, maganar da na yi ɗazu..."

"Riƙe abinki. Ba don ke na yi ba, don bakinsa na yi. Kuma katina ba saye na yi ba."

"Na sani. Ki yi haƙuri."

"Kin sani yanzu."

Aka wuce gadar, aka wuce babban, aka wuce ƙanana ukun. Injiniya ta ciro burodinta ta raba biyu ta miƙa. Matar ta dubi hannuwanta da ke riƙe da kwali, ta dubi burodin, ta ce a ajiye mata a jaka.

"Me ke cikin tashar taki?"

"Ɗakin jira mai kujera arba'in. Banɗaki. Wurin ɗaura kaya daban. Kowane fasinja da wurin zamansa."

"Uhm." Ta ɗaga kwalin, rami ya wuce, ta sauke. "Ni allon can, shekara da shekaru ina wuce shi kamar zanen ado. Bara ne na tsaya na haɗa baƙaƙen da kaina. Ɗa-li-bi. Ra-bi. Na yi murna har na kusa guɗa. Sai na ce wa mai tikiti, ɗana, rabin me? Ya gaya min. Na ce to, ba laifi, ni dai na san jikina, wanda aka haɗa mu shi zai ji a jikinsa." Ta juyo ta dube ta a karon farko tun tasha. "Ke ba ki tambaya ba?"

Injiniya ta dubi bayan kujerar gaba. An yage fatar, soso ya leƙo.

"Ban tambaya ba."

"Shekara nawa kika yi a makaranta?"

"Goma sha shida."

"Uhm," in ji matar.

Ɗaya da minti ashirin da biyu motar ta tsaya a mahaɗar da ke kusa da makarantar. Sai da mai jakar hannu ya sauka aka cire katako kafin Injiniya ta iya miƙewa, kuma da ta miƙe ƙafar ta ƙi ɗaukarta, ta dafa ƙofa. Matar ta miƙo mata kwalin ta sama da kan mutane, a kwance, da hannu biyu.

"Kada ki yi gudu da shi. Sauri daban, gudu daban."

"Rabi, a gaida tasha!" in ji direban ta taga, ya ja motarsa.

Ba ta yi gudu ba. Ta ja ƙafar da ta mutu har shagon buga takardu da ke bakin ƙofar makaranta. Mutum ɗaya ne a gabanta. Da layi ya zo kanta ta miƙa wa mai shagon filashi, ta ce kwafi uku, a ɗinke, amma ya buɗe mata shafi na goma sha huɗu tukuna. Ya juyo mata da allon kwamfutar. Ta goge sakin layi na biyu. A wurinsa ta rubuta faɗin kujerar, da yawan mutanen da aka sayar wa ita, da kuɗin da tashar ta yafe, wato babu, da faɗin da ya rage wa fasinja ta biyu, a tasha da kuma bayan an gitta katako. Layi huɗu ne, babu kalmar yabo ko suka ko ɗaya.

"Malaminki ya ga wannan gyaran?" in ji mai shagon.

"Zai gani."

Injin ya fara fitar da takardu. Ta ɗora kwalin a kan kantar shagon, ta yanke salatif da makullin ɗakinta, ta ɗaga murfin.

Rufin ɗakin jira na nan. Kujeru arba'in na nan a layinsu, ta ƙirga. Lotsawar yatsan direba ta tsaya a kwalin waje, ba ta kai katanga ba. Abin da ya yi ƙas ɗazu wata 'yar motar kwali ce da ta ɓalle daga gam ta gangara bakin ƙofar fita. Ta mayar da ita wurinta. A gaban tagar tikiti ɗan allon na tsaye a kan tsinkensa, bai ko karkace ba, rubutun fes.

Ta ciro biro ta gwada bakinsa a kan allon. Faɗinsa santimita biyu ne, kuma kalmomi biyun sun cinye shi. Babu wurin ƙara komai.

Agogon shagon ya nuna biyu saura minti tara. Mai shagon ya tura mata kwafi uku masu ɗumi. Ta kama tsinken ashanar da yatsu biyu ta karya shi daga gindi, ta jefa allon a jaka tare da tikitin mai jan layi. Shi kaɗai ne abin da ya karye a tafiyar. Ta rufe kwalin, ta ɗora rahoton a kai, ta shiga ƙofar makaranta tana ɗingishi.